Ranar da Awakin Garinmu Suka Koma Shuɗaye

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da muka yi wa awakin garinmu wanka. Ku da kuke son yin aikin hutu bana, ku saurara.

A dogon hutun bara, cikin watan Agusta, wata ɗalibar likitan dabbobi mai suna Anti Safiya ta zo ƙauyenmu da ke kusa da Dandamisa. Jami'a kan tura ɗalibai irinta su yi bincike lokacin hutu, kowa da malamin da ke duba aikinsa. Nata malamin shi ne Dakta Yunusa. Ni, Hadiza, aka ɗauka in riƙa raka ta gida-gida, don na san matan garin.

Binciken a kan tsutsar cikin awaki ne. Sai mu zaɓi akuya, a ɗebi kashinta a leda, a ɗura mata magani. Bayan mako biyu a dawo a sake ɗiban kashin wannan akuyar dai, a duba ko tsutsar ta ragu. Don kada mu rikice, duk wadda aka ba magani sai in shafa mata shuɗin fenti a goshi. Ɗurar ba ta ɗaukar lokaci, sau da yawa mai akuya tana can tana kawo mana ruwan sha ake gamawa. Fentin kuwa kowa yana gani.

Ranar komawa Dakta da kansa ya zo daga Zariya. Da suka ɗauke ni a bakin titi, a mota Anti Safiya sai gyara mayafi take yi, ta ce mini idan aikin yau ya lalace, wahalar hutunta gaba ɗaya ta tafi a banza.

Muna shiga gari na ga wata akuya a kan juji da shuɗi a goshi. Na san ba mu taɓa ta ba, don kunnenta ɗaya a tsage yake. Sai ga wata, ga wata kuma. Tumaki ma shuɗi. Jakin mai ɗiban ruwa ya wuce mu da shuɗin hanci.

Dakta ya cire tabarau ya goge. "Safiya, har jaki kika sa a binciken?"

"Wallahi ranka ya daɗe..." in ji Anti Safiya.

Muka shiga gidan Gwaggo Ladi, tsohuwar da ta fi kowa awaki a garin. Mijinta Malam Idi yana zaune a zaure ya naɗe wando, gwiwoyinsa biyu shuɗi shar. Aka gaisa, aka tambayi damina da iyali, ba wanda ya kalli gwiwar.

Gwaggo ta fito da fara'a. "Likita, sannu da zuwa! Maganinku ya yi kyau. Duk wadda kuka shafa wa ta daina zawo, har ta yi ƙiba. Shi ne muka aika Makarfi aka sayo mana bular wanki, muka shafa wa sauran."

"Gwaggo, ai ba shuɗin ne maganin ba," in ji Anti Safiya, ido ya ciko da ƙwalla.

"To ni dai gwiwata ta yi sauƙi," in ji Malam Idi daga zaure.

"Kai dai ka samu dalilin ƙin zuwa gona," Gwaggo ta ce masa. Ta juyo ga Dakta. "Amma ɗana, ƙorafi gare ni. Naku mai kyau kuka ɓoye mana. Namu da an yi yayyafi ya wanke, kullum sai mun sake shafawa."

Dakta ya dubi Anti Safiya, ita ma ta dube shi. Jira yake yi ta gano da kanta. Can sai ta zabura. "Hadiza, ɗauko bokiti!"

Duk wanda ya san akuya ya san yadda take ƙin ruwa. Gari ya kaure da kuka, kamar ana yanka. Mata suna riƙe ƙaho, ni ina goga soso, Anti Safiya tana dubawa: wadda shuɗinta ya zauna tamu ce, wadda nata ya fita a sake ta. Wani bunsuru ya kwashe ƙafar Dakta, ya zauna daɓas cikin ruwan bula, farar rigarsa ta rine daga baya. Gwaggo ta ce, "Ka ga yanzu kai ma ba za ka yi zawo ba." Na cusa fuska cikin hijabi don kada ya ga ina dariya.

Kafin la'asar mun gano awakinmu duka, muka ɗebi kashinsu. Daga nan Dakta ya sa aka tara matan. Ya ba Anti Safiya kwalbar magani ya koma gefe, ita ta yi bayani, ta ɗura wa sauran awakin a gaban kowa, a hankali, kowace mace tana riƙe da bakin akuyarta.

A hanyar komawa ya ce mata, "Dabba ba ta kawo kanta asibiti. Idan mai ita bai ga abin da kika yi ba, zai yi aiki da abin da ya gani."

Abin da na koya ke nan: a wannan aikin, kafin ka buɗe bakin akuya, ka fara buɗe naka ka yi wa mai ita bayani. Malam Idi ne kawai bai yarda cewa bula ba magani ba ce. Har yau duk ranar kasuwar Makarfi sai ya yi saƙon bula.