Koren Zanen da Ya Riga Ni Zuwa Alƙahira

Talata: Funtuwa zuwa Alƙahira

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba direba ya buga ƙofa. Na fito da akwati ɗaya da jakar kuka da daddawa, muka yi sallah a Malumfashi. A shinge na uku, gab da Gwarzo, soja ya leƙo ya ja hanci, ya ce, "Hajiya, wannan kaya ai ko ba biza da kansa zai isa." Tara saura kwata muka shiga Kano, jirgi ya tashi ƙarfe ɗaya.

Rigima na baro a gida. Ni ce mataimakiyar shugabar makarantar 'yan mata ta gwamnati a garinmu. Malama Binta, mai koyar da kimiyya, ta kawo shawarar a riƙa koya wa ɗalibai al'amarin balaga dalla-dalla: haila, yadda ake ɗaukar ciki, cututtuka. Ni kuwa na tsaya kai da fata cewa wannan buɗe wa yara ido ne. A ce musu su kame kansu, shi ke nan. An sa taron iyaye ranar Litinin ta sama, kuma kowa ya san inda na karkata can iyaye za su bi, don rabinsu ni na koyar da su.

Wadda zan je gani 'yata ce ta fari, tana karatun fiƙihu, shekara huɗu rabona da ita. Irin tarbiyyarmu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kuma sakin jiki da shi. Tun da na haife ta ban taɓa faɗin sunanta ba. "Ke" nake cewa, ta amsa.

Mun sauka bayan magariba. Mijinta Malam Nasiru ya ɗauke ni a tasi, minti arba'in sai ga mu a unguwarsu, Hayyin Ashir, bene hawa na biyar ba na'urar hawa. Ta rungume ni a bakin ƙofa. Ni kuwa hannuwana suka sandare, na ce, "Ke, sake ni, gwiwata."

Juma'a: Hayyin Ashir

Bayan la'asar 'yan mata tara suka cika falon, 'ya'yan mutanenmu na Najeriya da Nijar, duk ba su wuce sha uku ba. Ashe kowace Juma'a takan yi musu darasi, iyayensu mata ne suka roƙe ta. Na koma kicin ina tsinke lalo, wanda su a can suke kira mulukiya, ƙofa a buɗe.

"Yalla, mu fara," in ji ta. Ta buɗe littafin fiƙihu, babin haila. Innalillahi! Komai da sunansa take faɗa: mene ne jinin, daga ina yake zuwa, yaya ake wanka, ina ne ba wanda ya isa ya taɓa a jikinki, wa za ki gaya wa in an taɓa. Kunya ta rufe ni, na ce a raina, ashe Malama Binta a gidana take.

Wata ta tambaya ko gaisawa da namiji na sa ciki. Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce, "Na san wata yarinya a makarantar kwana. Abin da aka gaya mata a gida guda ne: in namiji ya taɓa ki, kin lalace. Ranar tafiya makaranta kwandasta ya riƙe hannunta ya taimaka mata ta hau mota. Bayan sati biyu ta ga jini. Ta ɗauka lalacewar ke nan. Wata uku tana kuka a banɗaki, tana yagar sabon zanenta kore tana ƙunzugu da shi, ba ta gaya wa kowa ba."

Lalon ya zube daga hannuna. Na san zanen nan. Atamfa ce kore mai zanen ganye, ni na saya mata da za ta shiga aji ɗaya. Da ta dawo hutu na tarar saura rabi, ta ce ɓera ne. Na yi mata faɗa har maƙwabta suka leƙo, na kira ta marar tattali.

Tuwon ranar ban iya cin loma uku ba.

Asabar: Abbasiya zuwa Wustul Balad

Ƙarfe goma muka hau ƙaramar bas zuwa Abbasiya, daga nan muka gangara jirgin ƙarƙashin ƙasa, za mu sayo tsaraba a Wustul Balad, wato tsakiyar birni. Taragon mata muka shiga. Wata Bamisriya ta tashi ta ba ni kujera, 'yata ta tsaya a gabana riƙe da ƙarfe. Tasha biyu ina juya maganar a baki.

Na ce, "Ba ɓera ba ne."

Ta dube ni, ta sunkuyar da kai. "Ma'alish, Umma, yi haƙuri. Na manta ƙofa a buɗe take. Abin ya wuce."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Ta ina zan fara? Ko ido ba ma haɗawa." Ta yi ɗan murmushi. "Kuma ban ce kin yi ƙarya ba. Ni ma kamun kai nake koya musu. Sai dai yarinya ta san abin da take karewa."

Shekara talatin ina koyar da 'ya'yan mutane, tawa tana kuka a banɗaki. Raina ya ɓaci da kaina, ban ɓoye ba, hawaye suka zubo a gaban matan Masar. Na kamo hannunta na ce, "Rukayya, ki yafe mini."

Ta durƙusa nan cikin cunkoso ta kifa kai a cinyata. Har muka wuce tasharmu da biyu, ba wadda ta lura.

Lahadi da Litinin: gida

Malam Nasiru ya kai ni filin jirgi da hantsi. A jakata akwai dabino, turare, da littafin rubutunta na darasin Juma'a, ta ce in riƙe. Kano muka kwana, Litinin goma da rabi ina Funtuwa, ƙarfe huɗu ina ɗakin taro.

Da aka ba ni dama na ce har gobe ina kan bakana, a koya wa yara kamun kai. Amma a haɗa da sanin jikinsu, malamai mata su koyar, uwar da ke so ta zo ta zauna ta ji. Malama Binta ta saki baki. Wani uba ya miƙe ya ce, "Haba Malama, ke da kika ce buɗe ido ne? Wa zai iya faɗin wannan a gaban yara?" Na ce, "Ni. A ba ni aji ɗaya." An yi ta ja har magariba, wasu sun fita da fushi, amma an amince a gwada zango guda.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa surukina da ya yi ta hawa da sauka da kayana. Malamata kuwa na kira ta da na isa gida. Tana ɗauka na ce, "Rukayya." Ta ce, "Umma, ƙara faɗa, layin ba shi da kyau." Layin lafiya lau yake. Na ƙara faɗa.