Ranar da Gangar Noma ta Gwada Mana Mota

Har yau ban manta da ranar da muka tsaya a kan hanyar Kahu ba. Nakan ba ƙananan ma'aikata labarin, ko da yake ba zan ce abin da muka yi shi ne ƙa'ida ba.

A lokacin ban daɗe da gama digirina na injiniya ba, ina jami'in kula da motoci a wani ofishin lafiyar dabbobi a Rano. Aikina shi ne in duba mota kafin ta fita, in ce ta tafi ko kada ta tafi. Saboda laka da duwatsu, sai aka sa bakanike ya ɗaga motarmu ta shiga daji, aka sa mata manyan tayoyi. Ga wanda bai sani ba, babbar taya tana buƙatar fili. Idan babu, takan gogi jikin mota in an sha kwana. Mun ji gugar a gareji, muka rage robar madigadi, ƙarar ta ɗauke. Na ce ta tafi, amma zuciyata ba ta kwanta ba, don a fili muka gwada ta, kuma babu kaya.

Ranar, cikin damina, muka ɗauki allurar rigakafin shanu a kula mai ƙanƙara za mu kai wata ruga gaba da Kahu. Makiyaya sun riga sun tara shanunsu, kuma allurar ba ta jure zafi. Da muka wuce Kibiya muka gangara wani kwari, sai na ji ƙarar, sau ɗaya, ƙasa-ƙasa. Na roƙi direba, Malam Sabo, ya tsaya. Na leƙa ban ga komai ba. Dakta Rabi, shugabar tawaga, ta tuna mini cewa ƙanƙara ba ta jira.

"Injiniya, faɗa mini magana ɗaya. Mu tafi ko mu koma?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, ina ganin, wataƙila, a ɗan ba ni lokaci."

Na bayyana mata cewa tayar ba ta guga sai nauyi ya danne motar, an kuma murɗe sitiyari har ƙarshe. A tsaye ba za a gani ba, a guje kuma ba mai iya leƙawa.

A gonar gefen hanya ana gayya. Wani dattijo, wanda suke kira Sarkin Noma, ya taho da fartanya a kafaɗa. Da ya ji matsalar sai ya yi dariya.

"Nauyi kake nema, ɗan nan? Ga ƙattai nan sun ci tuwon mai gona sun ƙoshi. Bari a ga amfaninsu."

Na karɓi toka daga matan da suka yi girki, na kwaɓa, na shafe tayar gaba da ita, don duk inda ta taɓa ya nuna. Malam Sabo ya hau da tayar kan wani dutse, ya murɗe sitiyari, ya kashe mota, muka sa mata waigi. Manoma suka hau baya da gefe, wasu suka dafa gaba. Na ce su danna. Kowa ya danna lokacin da ya ga dama, motar ta yi ta rangaji kawai. Sarkin Noma ya girgiza kai, ya ce waɗannan ba sa jin magana sai ta fata, ya kira makaɗin gayyar.

Abin da na gani daga nan, ban san yadda zan kwatanta shi daidai ba. Ganga ta yi ƙara, mutanen nan suka danna tare kamar jiki guda. Motar ta nutse, ta taso, ta sake nutsewa, kowane bugu da dannawarsa. Makaɗin yana kallon hannuna: in na ɗaga ya ƙara, in na sauke ya sassauta. A makaranta an nuna mana hoton injin da ke yin wannan gwaji a masana'anta. Ban taɓa tsammanin zan gan shi a gonar dawa ba.

Da suka sauka na shiga ƙarƙashi. Babu toka a madigadi. Tokar tana kan tiyon birki, wato robar da ke kai mai zuwa birkin tayar. Da aka ɗaga motar, tiyon ya zame daga maƙalarsa ya matso. Na goge wurin da yatsa, sai ga zaren ciki ya fito fili. Bai fara yoyo ba, amma saura kaɗan, kuma gabanmu akwai gangaren rafi.

Malam Sabo ya leƙo, ya daɗe yana kallo. "Allah mai iko," shi ne kawai abin da ya ce.

Muka naɗe tiyon da robar tsohon tub, muka janye shi muka ɗaure da waya. Na kwanto notin da ke tsayar da sitiyari kaɗan, don kada tayar ta kai can. Na sake shafa toka, na roƙi a maimaita. Sarkin Noma ya ce ashe yaron nan ba ya yarda da abu sai ya gani sau biyu, amma ya ɗaga wa makaɗi hannu. Wannan karon tiyon ya fito baƙi, babu ko ɗigon toka.

Dakta ta dube ni. Na ce, "Mu tafi, amma a hankali." Muka isa ruga da sauran ƙanƙara a kula. Washegari aka canza tiyon a Rano.

Abin da na ɗauka, in ban yi kuskure ba, shi ne motar da aka ɗaga ba a yanke mata hukunci tana wofi, kuma ƙarar da ta ɗauke a gareji ba lallai ta tafi ba. Tun daga ranar ba na sakin irinta sai na loda ta na shafa toka. Na gwada da buhunan yashi, na gwada da ma'aikata ina ƙirga musu. Yana yi, ba laifi. Amma ban sake ganin mota ta nutse kamar yadda ta nutse a ƙarƙashin gangar nan ba.