Ranar da Ladabi Ya Zama Laifi

Tun safe na kasa zaune na kasa tsaye. A bas wata mata ta wuce ni da ƙamshin man zafi, sai marigayiya tsohuwar maƙwabciyarmu ta unguwar Park Hill, nan ƙasar waje, ta faɗo min a rai.

Ita ta raka ni makaranta ranar da malamar 'yata ta ce yarinyar ta raina ta, wai tana mata magana tana kallon ƙasa. Har an fara zancen korar ta. Ni sai haƙuri nake bayarwa. Tsohuwar ta buga sandarta a ƙasa, ta ce min, "'Yar nan, fassara mata. A wajenmu yaron da ya zuba wa babba ido shi ne marar kunya. Ladabi aka yi mata, ta mayar da shi laifi." Da na fassara, sai malamar ta jawo wa tsohuwar kujera.

Tsohuwar takan ce, "Inda ba ka je ba, wani ne zai faɗi ko kai wane ne."

Yau ɗan wata baƙuwa ake tuhuma da wannan laifin, ni ce 'yar rakiya. Inna, Allah Ya haskaka kabarinki, Ya ba ni ko rabin bakinki.