Biskit ɗin da Na Gasa wa Gwaggo

Kwanan baya motarmu ta tsaya shan mai a hanyar Makarfi, sai iska ta kaɗo ƙamshin ruwan rake da ake dafawa a wata gona can bayan gidaje. Mutanen motar suka hau lumshe ido, wani dattijo har da cewa a sauke shi a nan ya ƙarasa sauran kwanakinsa. Ni kuwa mayafina na ja na toshe hanci. Matar da ke kusa da ni ta dube ni sheƙeƙe, ta ɗauka iyayin 'yan birni ne. Ban ga laifinta ba. Bari in gaya maka abin da ban iya gaya mata ba.

A wani ƙauye na yankin Dandamisa aka haife ni, gidan manoman rake. Da damina ta ɗauke aka fara sara, rabin gidanmu gona yake komawa. Doki yana zagaye da injin matsa, ruwan rake yana tsiyaya cikin garwa, ana juye shi a faffaɗan kaskon ƙarfe, ana iza wuta da busasshen raken da aka riga aka matse. Idan ya yi kauri sai a zuba a ƙananan tasoshi ya daskare, ya zama mazarƙwaila. Mu yara aikinmu kankare kasko da lasar yatsa. Haƙoranmu dai Allah ne kawai ya tsare su.

Gwaggo yayar Baba ce. Mijinta ya rasu, ba ta taɓa haihuwa ba, ta dawo gida, aka ba ta ni tun daga yaye. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka "Uwata" take ce mini, ko da zagina za ta yi. Sana'arta dubulan da alkaki na garar amare, kuma daga Hunkuyi har Ikara ana aiko mata. Ka ga yadda take tsaga kwaɓi da reza, ta murɗa, ta lanƙwasa, ya fito kamar an saƙa shi. Dokarta ɗaya ce: wanda ya karkace ba ya fita daga ɗakinta. A bakinta yake ƙarewa. Na daɗe ina zargin da gangan take karkatar da wasu, domin Gwaggo da zaƙi ba mai shiga tsakaninsu, kuma kowa a gidan ya san haka.

Ina aji biyu a sakandare malamar girki ta koya mana gasa biskit ba tare da tanda irin ta 'yan birni ba. Za ka zuba yashi a gindin tukunya, ka ɗora faranti, ka rufe, ka zuba garwashi a kan murfin, wuta sama wuta ƙasa. Fulawa, bota, sukari, ƙwai. A murza kwaɓin da kwalba, a yanka da bakin gwangwanin madara, a danna cokali mai yatsu a kai don ado. Na dawo gida ina jin kaina kamar wadda ta ƙera jirgi. Na gasa, na kai wa Gwaggo.

Ta juya shi gaba da baya, ta ce, "Uwata, kaza ce ta bi ta kansa?"

Ta sa na kawo ɗanyen kwaɓi, ta zaro tsinke daga tsintsiya ta wanke. A kan ɗan abin da bai kai tafin hannuna ba ta zana reshe da ganyensa, irin wanda ake yi wa amare da lalle, ta yi masa ɗige-ɗige a gefe, ta soka kanumfari ɗaya a tsakiya, ta yayyafa riɗi. Da ya fito daga tukunya na kasa ci. Ita ba ta kasa ba.

A bazarar waccan shekarar ciwon ya bayyana. Ta riƙa shan ruwa kamar za ta ƙarar da randa, tana zarya makewayi, zanenta yana zamewa daga ƙugu. Inna, wato mahaifiyata, ita ta fara lura da kiyashi suna taruwa a inda Gwaggo ta yi fitsari. Aka kai ta asibitin cikin gari, aka ce ciwon suga ne. Aka ba ta magani, aka hana ta zaƙi da kayan suya, aka bar mata tuwon alkama da ganye. Ta ajiye sana'arta, don ta ce ba ta iya yin abin da ba za ta ɗanɗana ba. Sai ta zauna a ƙofar ɗaki, kwanon tuwo a gabanta har ya huce, ƙuda na bi. Ta yi loma biyu ta ture. Mai surutun nan da ba a iya kai ƙarshen labari a gabanta ta koma yini guda ba ka ji muryarta ba. Tsoro ya kama ni sosai. Gani nake yunwa za ta riga ciwon kashe ta, kuma ita ce uwar da na sani.

Nan ne na yi dabara, irin dabarar 'yar shekara goma sha huɗu da ta fara jin ta san duniya. Biskit dai gashi ne, ba suya ba. Na cire fulawa na sa garin alkama, tunda shi likita ya yarda da shi. Na cire bota na sa man gyaɗa kaɗan. Saura sukari. Na tsaya ina kallon mazarƙwailar da ke jibge a ɗakin ajiya, sai na je na tambayi Inna.

Ta ce, "Mazarƙwaila ai ba ta da illa. Abin da muka shuka da hannunmu, muka dafa a gaban idonmu? Farin nan na kanti shi ne masifa, shi ake zuba wa magunguna."

Kada ka ga laifin Inna ita kaɗai. Duk yankinmu haka aka yarda. Ruwan rake ake ba mai ciwon shawara, mazarƙwaila ake jiƙa wa mai jego a kunu. A wurinmu abin gona lafiya ne, abin kanti ne ciwo. Baba kuwa a zaure yake cin abinci, bai san me mata ke girkawa a cikin gida ba.

Na daka mazarƙwailar, na narka, na kwaɓa. Biskit ɗin ya fito ja-ja, ƙamshinsa ya cika tsakar gida. Gwaggo ta gutsura, ta daɗe tana taunawa, sai na ga hawaye. Ta ce, "Allah ya yi miki albarka, Uwata. Kawo tsinken."

Tun daga farkon damina har aka koma sarar rake, kullum bayan la'asar muna bakin murhu. Ni kwaɓi da wuta, ita zane. Wani ta yi masa tauraro, wani kan kaza, wani ta zana gemun Baba muka yi ta dariya har Inna ta leƙo. Ta ci biyar, ta ci shida, ta kora da shayin da ba sukari, mu duka muna alfahari da yadda muke kiyaye dokar likita. Surutunta ya dawo. Baba yana cewa, "Yaya ta samu sauƙi, maganin nan ya karɓe ta." Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ban taɓa yin watanni masu daɗin waɗannan ba, kafin su ko bayansu.

Alamu sun zo, ban iya karanta su ba. Layin zanenta ya fara karkacewa, tana kai biskit ɗin dab da idonta. Ta ce tana jin ƙafafunta kamar a kan auduga take tafiya. Na ce tsufa ne. Da ta ce zaƙin ya ragu a bakinta, sai na ƙara mazarƙwaila.

Wata ranar Juma'a na ɗaga murfin tukunya in duba gashi, na mayar, na koma murza kwaɓi. Can sai na ji ƙauri kamar na nama. Na sake buɗewa, biskit lafiya lau. Na waiga. Garwashi ne ya faɗo daga murfin ya zauna a tsakanin yatsun ƙafarta, yana ci, ita kuwa kanta a sunkuye tana ta zanen ganye.

Na yi ihu, "Gwaggo, ƙafarki!"

Ta dube ta kamar ƙafar wani ce. Ba ta ji komai ba.

Aka shafa abin da ake shafawa a gida, aka ɗaure. Mako ɗaya, mako biyu, gyambon bai rufe ba. A na uku yatsan ya yi baƙi, ɗakinmu ya soma wari, aka ɗauki mota zuwa babban asibiti a Zariya. Ni ce mai jinya. Cikin kayan da na haɗa har da kwano cike da biskit, don kada ta rasa abin ci mai lafiya.

Washegari da hantsi likita ya zo zagaye. Ni da Baba da Inna muna tsaye. Ya duba ƙafar, ya duba takardar gwajin jini, ya tambayi abin da take ci. Baba ya lissafa tuwon alkama da zogale da shayi ba sukari. Likitan ya ce ba zai yiwu ba. Sai idonsa ya kai kan kwanon da ke gefen gado. Ya buɗe, ya karya guda, ya shinshina.

Ya ce, "Mazarƙwaila ce wannan. Wa yake ba ta?"

Wallahi na buɗe baki zan ce ni ce, da fara'ata, ina jiran yabo. Ya riga ni. Ya ce mazarƙwaila da farin sukari uwarsu ɗaya, jini bai san na gona da na kanti ba. Ya ce wannan abin shi ya cinye mata ƙafa, kuma sai an yanke. Baba ya juyo a hankali. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya dubi Inna, ya dube ni.

Daga kan gado Gwaggo ta ce, "Ba wanda ya ba ni. Na yara yarinyar nan take yi, ni nake bin bayanta ina ɗiba in ta tafi makaranta. Wannan ma ni na cusa shi a cikin kaya. Likita, ka san tsufa da kwaɗayi."

Har da 'yar dariya ta yi. Baba ya ce, "Haba Yaya! Haba Yaya!" ya fita yana share ido. Inna ta sunkuyar da kai. Ni kuma na rufe bakina da na buɗe.

Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Muka dawo gida. Ba a jima ba idanun ma suka tafi. Tana zaune a ƙofar ɗaki, masu zuwa dubiya suna yi mata sannu, suna fita suna cewa babba da ita ta kasa riƙe bakinta. Tana jin su. Sau ɗaya tak na yi ƙarfin hali na ce, "Gwaggo, ranar nan a asibiti…" Ta ce, "Uwata, miƙo mini buta." Ba mu sake tayar da maganar ba. Ta rasu da faɗuwar ruwan farko, ba ta cika shekara da yankan ba.

Yanzu na haura arba'in, kuma ciwon ya same ni ni ma, ashe yana bin jini. Na san yadda ake gasa biskit na mai suga na gaskiya: garin gyaɗa, riɗi, ƙwai, ɗan kirfa don ƙamshi, zaƙi ko ɗigo babu. Ina da tanda mai amfani da gas. 'Ya'yana sukan ɗauki guda ɗaya don tausayina, su gutsura, su ɓoye sauran a aljihu. Ilimin ya zo, amma wadda nake so in gasa wa ba ta nan. A ƙauye an sallami doki, injin mai ruri ke matsa rake. Da wuya ka shiga gida uku ba ka sami mai ciwon ba, har da masu ɗan abin gwada jini a ɗaki. Duk da haka in ka je dubiya za ka tarar da mazarƙwaila a gefen tabarma, an kawo wa maras lafiya don ta fi sukari lafiya. Na yi magana har na gaji. Cewa suke boko ya ɓata ni.

Zuwana gida na ƙarshe, ina zaune a tsakar gida, 'yar ƙanena ta saci alewa. Uwarta ta daka mata tsawa: "Ci gaba da kwaɗayi, ki ƙare kamar Gwaggo, a guntule miki ƙafa!" Yarinyar ba ta taɓa ganin Gwaggo ba. Uwar ma ba ta taɓa ganinta ba. Abin da ya rage na matar da ta raine ni ke nan a gidan ubanta. Na dubi Inna. Tana tsintar wake a faifai, ba ta ɗago ba.

Na tashi na nufi zaure. Baba ya tsufa ƙwarai, yana kishingiɗe da carbi. Na durƙusa na gaya masa komai, tun daga garin alkama har kwanon asibiti. Na ce ni na kwaɓa, ni na ƙara mazarƙwailar, ni na sa kwanon a kaya, Gwaggo ba ta taɓa satar ko guda ba. Ina faɗa ina kuka. Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi murmushi.

Ya ce, "Allah sarki. Har yau kina rufa mata asiri. Ai Yaya da bakinta ta faɗa a gaban likita, ina tsaye. Ta yi sa'ar 'ya. Allah ya yi miki albarka."

Sau uku ya maimaita, ni kuma ina durƙushe ina cewa amin.