Baba Mai Wayarin da Motar da Ke Tafasa a Tsaye

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Litinin, tara ga watan nan, da hantsi, Allah ya karɓi ran Baba Mai Wayarin, mai gyaran wayoyin mota, aminin mahaifinmu, bayan doguwar jinyar da ya yi yana tsaye a bakin aikinsa.

Baba, na gaji da zaman makoki a bana, amma naka ya fi taɓa ni.

Bara ne ciwon ƙoda ya kama Inna, ya zamana ni ke kai ta wankin jini a tsohuwar motarmu. A kan titi lafiya lau take gudu, amma da mun shiga cunkoson ƙofar asibiti, sai allurar zafin inji ta hau ja, lagireto ya fara tafasa. Ran nan har layinmu na wankin jini ya wuce, Inna na kwance a baya, ƙafafunta a kumbure, ni ina fifita injin da kwali. An wanke lagireto, an sauya famfon ruwa, duk a banza.

Da na kawo maka motar gareji, fanka ta yi ta juyawa kamar ba ita ba. Ka ce, "Ɗana, kunyata take ji. Gobe tare za mu."

Haka ka bar aikinka ka shigo gaba, kana tari, kana tsokanar Inna wai ta fi motar rigima. A cikin cunkoson ka fita ka buɗe bonet, rana na dukanka, masu hon na zaginmu, har ka ga fankar ta tsaya cak. Ashe wata waya ce ke saki idan ta ɗau zafi. Iskar gudu ce ke rufa mata asiri a kan hanya. Nan ka tsuguna ka ɗaure wayar. Tun daga ranar Inna ba ta sake makara ba.

Sai a wajen jana'iza na ji cewa a asibitin nan kai ma likita ya daɗe yana cewa ka kwanta.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Umma da 'ya'yanka da abokan aikinka. Allah ya gafarta maka, ya sanyaya makwancinka, ya ba ka hutun da ba ka samu a nan ba. Amin.