Garin da ya bar wutarsa ta mutu

Shekarar da aka rufe iyaka, kananzir ya ɓace a Sabon Gida. Fitilu suka zama kayan ado, injin niƙa ma ya yi shiru don babu gazuwal, man da yake sha. Babana da kananzir yake ci da mu, sai ya ɗaure jarkoki a keke ya bi hanyar daji zuwa Najeriya, ga sojoji suna sintiri. Ya ce jibi zai dawo. Jibi ta zo ta wuce.

Bayan sallar isha Kaka Hajo, mahaifiyarsa, takan tara mu gaban wutar kara. Kara ba ya jimawa, shi ya sa tatsuniyarta kullum a guje take. A daren da nake tunawa ko zama ta kasa yi sosai. Ta gyara zani, ta tura kara, ta dubi ƙofa.

"Ga ta nan tahe, ku buɗe kunne," ta ce. Muka ce ta iso.

Wai wani gari ne, maƙwabtansu na ƙetaren gulbi suna da wuta mai yawa. Kowace safiya sai a aika yaro da kasko ya ɗebo garwashi, kamar yadda mu ma muke ɗebowa a gidan maƙwabta. Abin ya zo da sauƙi, har mata suka daina rufe garwashi da toka kafin su kwanta. Rannan sarakunan garuruwan biyu suka ɓata, aka zuba masu mashi a bakin gulbi.

"Sarakuna sunka yi hwaɗa, amma wa ya kwana da ɗanyen gero? Mu!" Ta buga ƙirji, ta manta tatsuniya take yi.

Wata tsohuwa ta ga jikokinta za su mutu da yunwa, ta ba ɗanta kasko ta ce ya ƙetara a ɓoye.

Jaki ya motsa a waje. Kaka ta miƙe zumbur, ta leƙa, ta dawo.

"Kaka, ya dawo da wutar?" na tambaya.

"Ke dai kin cika surutu. Kara ya ƙare, ku tahi ku kwanta."

Na ji haushinta ƙwarai, har na yi kuka.

Baba ya dawo daga baya, a ƙasa, babu keke babu jarka, bayansa duk shatar bulala. Bai ƙara ƙetarawa ba.

Yanzu aikina yawo ƙauye-ƙauye, ina tambayar mutane wutar lantarki nawa suke bukata, da inda za ta fito. Duk sanda na ga turakun da suka jawo mana ita daga ƙetare, sai in tuna matan da suka daina rufe garwashi. Na daɗe ina zaton iyakar darasin ke nan. Sai da na haifi nawa na gane abin da ya hana Kaka ƙarasa labarin. A daren nan ita ma ba ta san ko yaron zai dawo ba.