Ranar da na ce wa Inna ina sonta

Shekarun baya, ina da wani aboki mai karantar ilimin halayyar ɗan Adam. Ko tari ka yi, sai ya ce daga ƙuruciyarka abin ya samo asali. Wata rana muna shan shayi a Sabon Garin Gusau, ina ba shi labarin yadda muka ɓata da budurwata don ta ce ban iya magana mai daɗi ba, sai ya ce, "Tsaya. Mahaifiyarka ta taɓa kiran sunanka?"

Ba ta taɓa ba. Ni ne ɗan fari. Ana yaye ni aka kai ni Tsafe wurin kakata, ita Inna tana Bungudu. In na je gaishe ta, bango take kallo ta amsa. Sunana a bakinta "wancan". Ban taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba, sai da mutumin nan ya ce, "To ga ciwonka nan. Ba a nuna maka so ba. Je ka dubi idonta ka faɗa mata abin da ke ranka."

Na yi kwanaki abin na cina. Wai da gaske ba ta sona? Ran Asabar na hau mota.

Na tarar da ita a tsakar gida tana tankaɗe, maƙwabta biyu na taya ta hira. Na durƙusa, na dubi idonta, na ce, "Inna, ina sonki. Ki kira sunana ko sau ɗaya."

Jama'a, matar nan ta saki rariya ta shige ɗaki. Ina jin tana tambayar ƙanwata, "Mi yas samu wanga yaro? Wani abu shika sha?" Maƙwabta suka zari mayafi suna salati. Na koma Gusau raina a ɓace.

Na kira kakata na kai ƙara. Ta yi dariya har da tari. "Kai dai mijin banza ne! Uwata, tun jirgi bai zo Gusau ba, ɗanta na fari ko ruwa ba ta miƙa mai gaban mutane. Kai ka tai kana zare ma ɗiyata ido?"

Bayan kwana biyu, da hantsi, aka buga ƙofar gidan da nake haya a Damba. Inna ce da ƙanwata. Matar da ko asibiti sai an yi da gaske take zuwa Gusau. Ƙanwata ta raɗa min, "Tun da ka tafi ba ta ci abinci ba. Cewa ta yi bankwana ka zo yi, mutuwa za ka yi."

Ga ni tsaye a gabanta fa, amma sai ta juya wurin matar mai gidan ta ce, "Hajiya, mai ɗakin ga lahiya lau yake?"

Da aka ce mata garau nake, ta zauna a dakali ta sha ruwa kofi biyu. Ta tashi ta ce a kai ta tasha.

Abokina ya ce wai an samu ci gaba. Na ce ya rufa min baki.

Na dai gane ba kowane so ne ke bi ta baki ba, amma wallahi har yau abin na ba ni haushi. Na yi aure, har da 'ya'ya. Jiya ta kira wayata, tawa fa, na ɗauka na gaishe ta. Ta ce, "Ba ni matar gidan, in ji ko wancan ya ci abinci."